Ƙwan Zabin Inna a Cikin Amfilifayata

Jiya da la'asar ina shigowa gida daga kasuwar Kazaure, sai na tarar Inna, mahaifiyata, ta lulluɓe amfilifayar da nake haɗawa da tsohon zaninta.

Wata uku ke nan ina fama da abin nan. Akwatin katako ne da zai ƙara wa jitata sauti, irin na da, mai kwalaben gilashi huɗu da sai sun ɗau zafi sun yi ja kafin ya yi magana. Mu ƙwai muke ce musu, kamar ƙwan lantarki.

Gabana ya faɗi, don a kunne na bar shi. Da sauri na yaye zanin, sai ga ƙwan zabi shida an jera su a gefen nawa.

Na ce, "Inna, mene ne haka?"

Ta ce, "Ba kai na ji kana faɗa a waya ba, wai ka sayo ƙwai huɗu, sai sun ji ɗumi za su yi kuka? Na ce Alhamdulillahi, yaron nan ya yi hankali, ya ajiye gurmin Turawa ya kama kiwo. Shi ne na ƙara maka da waɗanda na taho da su daga Roni. Allah ya yi maka albarka."

Shekara goma ina kaɗa jita, sai jiya Inna ta fara sa wa aikina albarka.

Jama'a, in faɗa mata gaskiya ne, ko in bari mu ga abin da zai ƙyanƙyashe?