Jiƙaƙƙen Yashi a Ɗakin Sanyi

Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai yawan wasiwasi, ko alwala nakan sake in na ji kamar ruwa bai kai gwiwar hannu ba. Sai na riƙa tsoron kada in ɗora wa wani maganar da bai faɗa ba. Shi ya sa ba zan ambaci sunan kowa ba, inda na manta kuma zan ce na manta.

Lokacin da annobar korona ta rufe gari ina aikin goge-goge a filin jirgin Hamad da ke Doha. Jirage suka ragu, dogayen barandun nan suka zama wayam. Nakan goge daɓen da babu wanda ya taka tun jiya, in tsaya ina kallon fitilun sama a cikinsa kamar taurari a rafi. In na tashi sai motar kamfani ta sauke ni a unguwar Najma, inda muke kwana mu da yawa a ɗaki ɗaya, a gadaje masu hawa biyu.

A ƙasan gadona wani dattijo ne Bakano, Baba muke ce masa. Direba ne, kamfaninsu ya rufe a cikin annobar. Wani Ba'indiye mai ƙaramin gidan abinci a layinmu ya karɓe shi, takardunsa suka koma ƙarƙashin gidan. Abin da ya sa ya karɓe shi kuwa shi ne Baba ya iya haɗa kunun aya da zoɓo, a wajen mahaifiyarsa ya koya tun yana ƙarami, kuma 'yan Arewa da 'yan Gana na unguwar sun fara zuwa saboda shi. Ranar hutuna nakan je in taya shi wankin aya da tacewa.

Matsalar ita ce zafi. Firij ɗin gidan ƙarami ne, nama da kayan miya sun cika shi. Kunun aya kuwa ba ya jure rana. A haɗa shi da safe, kafin la'asar robobin sun kumbura, in ka buɗe sai ka ji tsss, kumfa ya taso. Wannan ƙarar ita ta hana ni sakat. Na san abin da ya yi tsami yana iya juyewa ya zama abin da bai halatta ba, ban kuma san a wane lokaci ne yake juyewar ba. Duk robar da na ji ta yi tauri a hannuna sai in tuttular.

"Sarkin wasiwasi," in ji Baba, "wannan fa lafiyarta ƙalau. Ku Zagezagi ko ruwan Zamzam aka ba ku sai kun shinshina."

"Baba, ta yi tsss."

"Kai ma in aka rufe ka a roba cikin ranar nan tsss ɗin za ka yi."

Yana tsokanata, amma bai taɓa hana ni tuttularwar ba. Shi ma a ransa ba ya son sayar wa Musulmi abin da yake kokwanto a kansa. Mai gidan abincin ne haƙurinsa ya ƙare. A zafin shekarar da za a buga ƙwallon duniya ya kira Baba gefe, ina tsaye ina ji. Ya ce ba ya so ya ci mutuncin dattijo, amma abin da ake zubarwa ya fi wanda ake sayarwa. In ba a samu dabara ba kafin lokacin sabunta iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, khalas, za a daina kunun, kuma ba shi da wani aikin da zai ba shi. Baba yana da 'yan mata a makaranta a gida. A shekarunsa, in ya fita daga Doha babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa.

A bayan gidan abincin akwai wani lungu da ake jibge kwalaye. Baba ya roƙa aka bar masa shi. Wata mahauta ta rufe tun cikin annobar, sai mai gidan ya sayo tsofaffin allunan ɗakin sanyinta, masu kwano a waje da soso a ciki, da ƙofarta mai nauyi, da injinta. Wani mai gyaran na'urar sanyi ya zo ya kafa injin ya tafi. Sauran aikin namu ne. Muna yinsa bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi, da yammacin Juma'a. Baba ya riƙe allo, ni in ɗaure kusa. Duk inda allo ya haɗu da allo sai in bi da gam, in dawo in sake bi. Nakan shiga in sa ya rufe ni a ciki, in tsaya a duhu ina neman inda haske yake ɓullowa, ko da kamar tsinin allura ne. Na dage sai da aka sa mariƙin buɗewa ta ciki, don na kwana uku ina mafarkin Baba a kulle.

Ranar da muka gama bango, Baba ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon daɓen siminti. Ya ce, "Saura yashi."

Ban tambaye shi dalili ba, don ni ma na sani. Kowa a cikinmu ya tashi ya ga randa a kusurwar ɗakin uwarsa, zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Sanyin da muka fara sani a duniya ke nan. Muka ɗebo yashi a buhuna daga wajen wani gini da izinin maigadi, muka shimfiɗa a daɓen, muka yayyafa ruwa har ya sha. Baba ya rataya jiƙaƙƙun buhuna a jikin kantocin da muka kafa. Muka ce injin zai yi nasa, yashi ya taimaka masa.

Ina so in faɗi yadda ɗakin ya kasance a kwanakin farko, ko da yake ban tabbata zan iya ba. A waje iska tana da nauyi kamar tururin tukunya. Ka ja ƙofar nan sai wani farin hazo ya zubo ta ƙasa ya lulluɓe maka ƙafafu. Ka shiga ka rufe, sai hayaniyar Najma ta ɗauke, babu hon, babu masu kiran canjin kuɗi, sai gurnanin injin. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraye da citta da kanumfari. Nakan zauna a kan kwandon roba in rufe ido. Sai in ga kusurwar ɗakin innata, da moɗar da ke kife a bakin randa, da hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin asabari. Wata rana na buɗe ido na ga Baba a kusa da ni, shi ma idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Ban san tsawon zamanmu ba. Numfashinmu yana fita fari-fari yana watsewa.

Sai ɗakin ya fara ɗumi. Ba lokaci ɗaya ba, kullum kaɗan. Ni na fara ji, don kullum sai na taɓa robobin da bayan hannuna. Baba ya ce wasiwasina ne. Muka ƙara wa yashin ruwa. Washegari ya ƙara ɗumi, muka sake ƙarawa. Wata rana na buɗe roba a cikin ɗakin na ji tsss. Mai gidan ya leƙo, ya shaƙi iskar, ya juya ya tafi.

Na taka kwando na leƙa fuskar injin, inda iska take fitowa. Babu ƙarfe ko ɗaya da ake gani. Ƙanƙara ce ta toshe wajen gaba ɗaya, fara tas, mai gashi-gashi kamar auduga, tana da kyau ƙwarai. Na sa hannu, ko iska kaɗan ba ta fitowa.

"Baba, zo ka gani. Daga ina ruwan nan ya hau?"

Ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙanƙarar, ya dubi yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi buhunan. Sai ya ce, "Ɗan nan, rigar da ka shanya shekaranjiya ta bushe?"

"Ba ta bushe ba."

"A garinku fa?"

"Kafin a gama cin tuwo."

"To ka gani. Iskar gida ƙishirwa take ji, ita ke shan ruwan randa ta bar mata sanyi. Ta nan ta ƙoshi da teku. Mu kuma mun toshe ko'ina da gam ɗinka, ruwan bai da hanyar fita, sai ya hau ya shaƙe injin." Ya yi 'yar dariya. "Mun kawo wa Larabawa yashi, Allah ya shirye mu."

Muka kashe injin, muka fitar da robobin. Duk wadda ta yi tauri na tuttular, wannan karon shi yake miƙo mini. Muka kwashe yashin da shebur da kwano, muka goge daɓen har ya bushe. Ƙanƙarar ta yi ta ɗiga a bokiti har azahar. Da muka kunna, iska ta fito da ƙarfinta. Ƙamshin ƙasar nan ya tafi, ɗakin ya koma warin kwano da roba, amma robobin suka yi sanyin da ke sa haƙori tsami. Kwana ya bi kwana ban ji tsss ba. Da lokacin iƙama ya zo, mai gidan ya karɓi fasfon Baba don sabunta masa, ya ce, "Yalla, haji," shi ke nan.

Lokacin ƙwallo gari ya cika, ganguna har a tashar jirgin ƙasa. Masu dawowa daga filin wasa na Al Thumama da tutoci a kafaɗa sukan tsaya su sha zoɓo. Amma lokacin sanyi ya riga ya shigo, har Baba yana cewa mun gina wa sanyi ɗaki, ga shi yana yawo a titi kyauta. Ya ajiye ɗan yashi busasshe a gwangwani a kan kanta. Wani lokaci yakan ɗiga masa ruwa kaɗan, ya shinshina, ya rufe da sauri yana kallona.

Bayan ƙwallon kwangilarmu ta ƙare, na dawo gida, shi ya zauna. Mun yi ta gaisawa a waya, sai wata rana lambarsa ta daina shiga. Wanda na tambaya ya ce gidan abincin ya sauya hannu, wani ya ce a'a. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba na so in rubuta abin da ban sani ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan yana Doha, ko yana da ɗan'uwa a Najma, ya taimaka ya bincika mini. Dattijo ne Bakano, dogo, mai furfura a gemu, yana haɗa kunun aya da zoɓo a bayan gidan abincin wani Ba'indiye. Ina so in san ko yana nan, ko an sake sabunta masa iƙamar. In kun same shi ku ce sarkin wasiwasi yana gaisuwa, kuma yana tambaya ko ana duba fuskar injin.