Makullin Ruwan Zafi

Magagi bai taɓa niyyar zama mai tsaron foraj ba, wato rijiyar burtsatse. Da ƙuruciya wurin haƙar zinari ya tafi, can ƙetaren kogi, inda aikinsa shi ne ƙona zaiba a cokali har zinarin ya fito. Ya daɗe yana shaƙar hayaƙin. Da ya dawo garinsu a ƙasar Kurfai, bai zo da komai ba sai hannuwa masu karkarwa, ko hauya ba su riƙewa da kyau. Maigari ya tausaya masa, ya ba shi tsaron forajin gari.

Forajin yana da zurfi ƙwarai. Ruwansa da kansa yake tasowa, da zafi har da tururi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mata kan ɗiba su ajiye ya huce kafin a sha. Tsofaffi masu ciwon gwiwa kan zauna bakin kwata su tsoma ƙafafu. Magagi yana sharar wurin, yana raba faɗan layi, har ya yi furfura.

Wata shekara ma'aikatan ruwa suka zo daga Yamai, suka cika ƴan kwalabe. Bayan kaka suka dawo. Shugabarsu, Malama Anisa, ta ce ruwa mai zafi daga irin wannan zurfi yakan narko abin da ke cikin dutse, kuma sun ga alamar zaiba a ciki. Za a sake awo, amma kafin nan kada a sha. Suka ɗaure famfon da sarƙa, suka miƙa wa Magagi makulli. Shi kam ya san abin da zaiba take yi wa mutum.

Da bazara ta yi tsanani, rijiyoyin kwari suka ƙafe, ɗan abin da ya rage duk kanwa. Makiyaya kuma ba su iya yin arewa wajen Sanam saboda ƴan bindiga. Sidi, wani makiyayi da suka daɗe tare, ya tsaya a kansa, shanunsa na kuka a baya.

"Baba Magagi, buɗe muna. Shanuna sun fara faɗuwa."

"Sidi, dubi hannuna. Haka kake so ɗiyanka su koma?"

"Wannan sai bayan shekaru. Ƙishirwa yau za ta kashe mu."

Magagi ya hau mota zuwa ofishin ruwa na Filinge, aka ce sakamakon awo bai iso ba. Ya kai wa maigari makullin, maigari ya ɓoye hannuwansa cikin riga. "Kai suka ba, ba ni ba."

A gida matarsa Kubura ta kife tulu a gabansa, ko ɗigo bai fito ba. "Malam, jikokinka mi za su sha?"

Washegari ya kwance sarƙar. Tun ranar, duk wanda ya ajiye jarka sai Magagi ya ce masa, "An ce da zaiba a ciki." Kowa ya ce ya ji, ya cika ya tafi. Shi ma ruwan yake sha.

Ɗansa Kamal yakan kira shi daga Kwatano, ya ce ya bar aikin nan ya huta. Magagi ya tambayi mutum uku ko za su karɓi makullin, duka suka ƙi. Har yau ma'aikatan ba su dawo ba.