Matar da Take Daka Ita Kaɗai

Ban taɓa zagin wani mahaluki a duniya kamar yadda na zagi wata mata da ban taɓa sa wa ido ba. Na fara tun ina famfara, na ci gaba har gemu ya tsiro mini, kuma mafi yawan zagin a gaban kakata Iya na yi shi. Sai bana, ina tuƙa motar kamfani a Doha, can ƙasar Larabawa, na san cewa matar nan ita ce ta raini Iya, kuma jininta ne a jikina. Wani wasan kwaikwayo na talabijin ne ya tono maganar. Zan zo kansa, amma dole in fara daga bakin murhu.

Gidanmu babban gida ne, a wani gari da har yanzu ana ganin ragowar ganuwarsa, awaki na hawa suna sauka. In an sauke tuwon dare, Iya ba ta bari wuta ta mutu a banza. Sai ta binne dankali a cikin rushi, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta fito da goro da magoginta, don haƙora sun daɗe da yi mata sallama. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, ana ture-ture a kan tabarma ɗaya, kowa na son kusa da dankali. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, sai dai kullum tana ƙorafin ba ta taɓa ganin maigida mai ci irina ba, wanda ko daddawa bai taɓa kawowa cefane ba. Ni kuma in ce ai na kusa sake ta in auro mai haƙora.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo da aljanun kuka ba su ƙarewa. Amma akwai labari ɗaya da ba ta cika bayarwa ba, sai lokacin da aka kawo amfanin gona gida, ranar da turame suka wuni suna amo a unguwa. Ranar za ka ga tana kallon wuta, sannan ta ce, “Na yau ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini. Ku dai ara mini kunnuwanku.”

Ta ce a zamanin yaƙe-yaƙe, tun kafin zuwan Turawa, wani mayaƙi ya ci garinmu. Mazan da suka tsira suka gudu kan dutsen da ke gabas da gari, aka bar mata da tsofaffi da yara a hannun dakarunsa. To a wata unguwa da ke jikin ganuwa, mata huɗu suka haɗa baki. Ɗaya tana kai wa masu gadin ƙofa tallan fura, ɗaya tana ɗebo wa dawakinsu ruwa, ɗaya ungozoma ce, babu gidan da ba ta shiga. Abin da kowace ta gani ko ta ji, sai ta kawo gidan ta huɗun, wata yarinya mai goyo da duk garin babu wadda ta kai ta iya lugude.

Lugude kuwa daka ne na gwaninta. Mata su kewaye turmi ɗaya, kowace ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, amon ya fita kamar kiɗa. Da asuba, in gari ya yi tsit, amon turmi yana kaiwa har kan dutse. In mazan suka ji daka na yau da kullum, su zauna inda suke. In suka ji lugude, dakaru sun fita hari ke nan, a sauko a karɓi abinci ta kafar ruwan da ke gindin ganuwa, a ji labarin gari. In Iya ta zo nan takan ajiye goro, ta riƙa buga cinya tana tafawa, mu ma mu kama, har sai wani baba ya leƙo ya ce mun hana shi jin rediyo.

“Wata da watanni suna yi,” in ji ta, “har hatsi ya ƙare a garin. To su kuma ba su daina ba. Suka riƙa dakan turmi babu komai a ciki.”

A nan suka yi kuskure. Turmi mai hatsi amonsa a dushe yake, wanda babu komai kuwa ƙara yake yi kamar ganga. Cikin dakarun akwai wani da ya tashi a gindin turmin uwarsa, kunnensa ya san bambancin. Ya kuma tambayi kansa, wace mace ce za ta yi lugude, abin nishaɗi, a garin da aka kore mazansa kuma yunwa ta shiga? Ya bi amon har gidan. Ya tarar da yarinyar ita kaɗai tana jan ruwa, sauran sun watse. Ya kwance majanyinta, ya ɗauke 'yar da ke bayanta, ya miƙa ta a kan bakin rijiya.

Iya takan rage murya a nan. “Bai yi mata tsawa ba. Cewa kawai ya yi, 'yar nan taki da nauyi, ni kuma hannuna ya fara gajiya.”

Yarinyar ta faɗa masa komai. Washegari da asuba aka sa ta yi lugude, matan dakaru suna riƙe da sauran taɓare. Mazan suka sauko, aka kama su a gindin ganuwa. Abokanta uku aka ɗaure aka tafi da su, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Daga baya mayaƙin ya tashi, gari ya koma hannun masu shi. Ita kuwa ba wanda ya dake ta, ba wanda ya kore ta. Matan garin dai ba su sake sa taɓarya a turmi ɗaya da ita ba. In ana dakan biki ko suna ta ɗauki taɓarya, sai kowace ta ajiye tata ta koma gefe. Haka ta yi ta daka ita kaɗai har ta tsufa.

Da Iya ta kai nan sai mu ɓarke. Wannan ya ce Allah ya ƙara, wancan ya ce ai da jefa ta aka yi a rijiyar. Ni ne ja-gaba, don tun ina yaro bakina ya fi ni girma. Tsinanniya, maci amana, munafukar turmi, duk ni na raɗa mata, sauran suna maimaitawa suna dariya. Nakan miƙe tsaye in bugi ƙirji in ce da ni ne, ko yanka ni za a yi ba zan buɗe baki ba.

“To, maigida,” Iya takan ce, “Allah kada ya gwada ka.” Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Babu mai tambayata 'yar?”

“Wace 'yar?”

“'Yar da aka riƙe a bakin rijiya.”

Mu ce ina ruwanmu da ita, a ba mu dankali. Sai ta tono shi da ɗan kara, ta karkaɗe toka, ta raba, ta ba ni babban. Ranar wannan labarin ba ta ci tare da mu. Takan ce hayaƙi ya shigar mata ido, ta shige ɗaki da wuri. Iya ta rasu kafin in bar gida, kuma har ta rasu ban sauya ra'ayi a kan matar ba.

A nan Doha ɗakinmu yana Sanaiya, cikin gidajen ma'aikata, tsakanin garejoji da manyan ɗakunan ajiya. Juma'a ce ranar hutunmu. In an sauko daga masallaci an ci shinkafa, sai mu kunna wata tsohuwar talabijin da muka gada daga waɗanda suka riga mu zama a ɗakin. Akwai wani dogon wasa da ya kama mu, na wani birni da sojojin wata ƙasa suka mamaye a zamanin da, inda wanzami da mai gidan burodi da tela suke leƙen asiri suna aika wa mutanensu. Da Larabci ake yi, don haka Malam Sabo ne tafintanmu. Dattijo ne, yana gadin wani dogon gini a unguwar Mushairib, ya daɗe a ƙasar har yana mafarki da Larabci.

Ranar da abin ya faru, a cikin wasan sojojin sun kama telan. Sun dake shi bai yi magana ba, sai suka shigo da ɗansa, nan take ya zayyana sunayen abokansa. Nura, direba ɗan'uwana, ya yi tsaki ya ce, “Khalas, shi ke nan, wannan ai kare ya fi shi.” Ni kuma da ban iya ganin fili in ƙyale ba, sai na gyara zama. Na ce wannan wasa ne, mu a garinmu gaske aka yi. Na kwashe labarin Iya kaf na ba su, na ƙara gishiri, na zagi matar da sunayen da na saba. Na rufe da cewa jinin waɗancan jaruman mata uku ne yake yawo a jikina.

Malam Sabo ya rage sautin talabijin. “Haruna, ka ce ukun an tafi da su, ba a sake jin labarinsu ba?”

“Haka ne, Malam.”

“A bakin rijiyar kuma daga ita sai sojan?”

“Sai jaririyar.”

“To wa ya gaya wa kakarka abin da sojan ya ce wa matar?”

Na ce ai labari yawo yake yi. Nura ya ce yalla, maza a ƙara sauti, aka ci gaba da kallo. Amma ni ban ƙara fahimtar komai a wasan ba.

Da la'asar na shiga mota na tafi Corniche, wurin shan iska a bakin teku, don a ɗakinmu ba a waya a asirce. Na sami benci ina fuskantar jiragen ruwan katako, na kira mahaifiyata. Bayan gaisuwa na ce, “Umma, labarin nan na lugude da Iya take ba mu, 'yar da aka riƙe a bakin rijiya, me ya same ta?”

Ta ja dogon numfashi. Sannan ta ce, “Sai yau ka tambaya?”

Ta ce jaririyar ta rayu, ta girma, da ƙyar ta sami miji a garin, kuma ita ce ta haifi Iya. Ba ta daɗe ba bayan haihuwar ta rasu, sai uwarta, matar nan mai lugude, ta ɗauki jikarta ta raina. Iya tana ƙarama aka sassaƙa mata 'yar taɓarya, ita ce mutum ɗaya da ta taɓa daka tare da tsohuwar bayan abin da ya faru. Manyan gidanmu duk sun sani.

“Amma Umma, kuna ji muna zaginta, ba wanda ya kwaɓe mu?”

“Babanka ya so ya zane ku, kai musamman. Iya ta hana. Ta ce a bar ku, wata rana ɗayanku zai tambayi labarin 'yar, ranar za ta faɗa muku da bakinta.”

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Mutane na wucewa da iyalansu, yara na gudu a kan keke, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar duk sun ji abin da aka faɗa mini. Na riƙa ganin kaina tsaye a kan tabarma ina bugun ƙirji, tsohuwa tana kallona, ina tsine wa matar da ta goye ta, ta tauna abinci ta sa mata a baki. Shekara da shekaru tana kawo mana labarin nan tana neman jika ɗaya mai tausayi, ba ta samu ba.

Juma'ar da ta zagayo, kafin a kunna wasan, na ce ina da gyara. Na gaya musu ƙarya na yi, ni ba jinin ukun ba ne, jinin ta huɗun ne, kuma da ta yi shiru a bakin rijiya da babu ni. Nura ya yi ta sosa ƙeya. Malam Sabo ya ce Allah ya ji ƙansu baki ɗaya, muka ce amin.

Ban ce ta yi daidai ba. An kama maza saboda ita, an raba mata uku da garinsu, kuma zuri'ar waɗannan mutanen suna da nasu labarin da suke ba jikokinsu. Amma yanzu ina da 'ya a gida, wadda na baro tana rarrafe, nake ganin girmanta ta fuskar waya. Saboda ita nake haɗiye maganganun da a da ko a mafarki ba zan haɗiye ba. Na daina cika bakin abin da zan yi in an gwada ni, don na san amsar, kuma ba ta da bambanci da tata.

Na so in riƙa sa ta a addu'a da sunanta. Na sake kiran Umma, ta ce ba ta sani ba. Na kira kawuna, na sa aka je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarmu, kowa ya ce shi dai ya taso ya ji ana cewa matar nan. Iya ce kaɗai ta san sunan, kuma duk zaman da muka yi a gabanta ba wanda ya nema. Yanzu in na idar da salla na ɗaga hannu, cewa nake, Allah ka ji ƙan kakar Iya. Iyakar sunan da ya rage mata ke nan a duniya, ban da waɗanda na raɗa mata.