Damisar Ɗantala a Cikin Taɓo

A Suleja, sai ka san ƙarar Damisa kafin ka san mai ita. Damisa mota ce, tsohuwar ƙirar Amurka, ƙofa biyu, dogon hanci, cikinta dab da ƙasa kamar kada. Mai ita kuwa Ɗantala ne, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa wani Bature a Abuja. Da Baturen zai koma gida ya rasa mai sayen motar, sai ya bar masa ita. Shi dai Ɗantala cewa yake yi ƙauna ce.

In ya tayar da ita, awaki su watse, masu keke napep su ratse. Mai kuwa tana shan sa kamar raƙumi ya iso rijiya, daga gida zuwa Madalla allurar mai ta kwanta. Ko a jikinsa.

Ana nan sai 'yarsa Ikilima, ma'aikaciyar jinya, ta sayo 'yar ƙaramar jif, gajeruwa mai tsayin ƙafa. Ɗantala ya zagaya ta sau biyu, ya kasa kunne, bai ji komai ba.

"Ikilima, wannan mota ce ko firji?"

"Baba, ba ta shan mai fa."

"Mara lafiya ma ba ya cin tuwo."

Ranar sunan jikan amininsa a wani ƙauye bayan Dutsen Zuma, ruwa ya yi ta zuba tun asuba. Ikilima ta ce ya shigo tata su tafi. Ya ce Allah ya kiyaye a gan shi cikin firji. Ya sha farar babbar riga, ya wuce ta a kan titi kamar tana tsaye, har da ɗaga mata hannu.

Yana sauka daga kwalta Damisa ta dasa ciki a taɓo. Ya ba ta wuta, ta yi ruri, ta ƙara nutsewa. Ya fito ya duba, santsi ya zaunar da shi. Can sai ga Ikilima ta iso a hankali, ta sauke gilashi.

"Sannu Baba. Hutawa ake yi?"

"Masarar mutane nake dubawa."

Wani manomi ya ara musu igiyar shanu. Haka suka shiga ƙauyen, firji a gaba, Damisa a baya tana bi kamar akuyar da za a kai kasuwa. 'Yan suna suka fito kallo. Ɗantala ya sauko, riga ta koma ruwan ƙasa, ya gyara hula.

"Ƙarfin motar yarinyar nake gwadawa," ya ce, "kada a cuce ta. Ba laifi."

Bai sayar da Damisa ba, ba kuma zai sayar ba. Amma da zarar damina ta sauka, sai ka gan shi a kujerar bayan motar Ikilima, yana gyara mata tuƙi. Kafin su hau babban titi sanyin motar ya kwashe shi, har da minshari. In ta ba da labari a gida, ya rantse tasbihi yake yi.