Gwaggo Hansai Ta Samu Aikin Abuja

Hansai ta daɗe tana suyar ƙosai a Angwan Iya kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida. Ba cinikin ta fi kewa ba, labaran da ake kawo mata har bakin kasko su ta rasa. Ana nan sai ofishin da Madina, 'yar ƙaninta, take aiki a Abuja ya ce ta riƙa yi daga gida. Madina kuwa a sashen ɗaukar ma'aikata take.

Hansai ba ta yi boko ba, amma hulɗa da 'yan jami'a ta bar mata Turanci daidai na jin gulma. Da zarar Madina ta buɗe kwamfuta, sai ta jawo kujera gindin taga da farantin tsintar shinkafa, wai nan ne haske ya fi. Kafin la'asar, maƙwabciyarsu Dokas ta san wanda za a ɗauka da wanda za a sallama.

Madina ta koma toshe kunne da abin sauraro. Hansai ba ta damu ba, ta riƙa tsintar amsoshin Madina tana cike sauran da kanta, labarin ma ya fi daɗi. Sai ranar da wata mata ta taso daga Garaku da zakara tana godiya an ɗauki ɗanta, alhali ko kiransa ba a yi ba, hankalin Madina ya tashi. Ta maida matar da zakaranta, sannan ta durƙusa gaban Hansai.

"Gwaggo, sirrin ofis yana fita, kuma ina zargin masu shigo mana ne. Ke kaɗai na yarda da ke. Ki tsare mini ƙofar gida in ina mitin."

Hansai ta gane sarai inda maganar ta dosa, amma muƙamin ya yi mata. Washegari ta ci ado, ta kafa kujera a ƙofar gida, inda ko tarin Madina ba a ji. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ofishin Abuja ne ya ɗauke ta. Ta kori Dokas, ta kori mai gyaran wuta.

Wata Laraba wani mutum mai tabarau ya tsaya da mota, ya ce shi ne Mista Natan, ogan Madina, hanya ce ta biyo da shi. Hansai ta ce ko shi ne mai ofishin sai an tashi mitin. Ta miƙa masa benci, ta zuba masa kunu. Ko da Madina ta fito, ta tarar da shi yana ta dariya, Hansai ta riga ta tatso daga bakinsa waɗanda za a ƙara wa girma a ƙarshen shekara.