Kek ɗin da Bai Isa Jamaika Ba

Tun da jirgin ruwanmu na shaƙatawa ya bar Miami, wata mata take rungume da gwangwanin kek kamar jariri. Gajeruwa ce, ta ba saba'in baya, iska na ta kokawa da faffaɗar hularta ta zuwa coci. Ma'aikata na kiran ta Mama Hyacinth, da alama ba yau ta fara hawa ba.

Sai ga muryar kyaftin: guguwa ta tare hanyar Jamaika, mun juya Meziko.

Fasinjoji suka kaure da mita. Ita kuwa tana kallon inda tsibirin Jamaika yake. Wani na can yana jiran ta, na tabbata.

Can ta ari wuƙa, ta hau yanka kek, ta miƙa wa wani fasinja.

"Kai mai jan hanci, bar zagin kyaftin, ungo. So kake kifaye su ci mu?"

"Mama, ba na wani ba ne?" na tambaye ta.

"Na bikin ranar haihuwar ƙanwata ne. Bara ma 'yan jirgi suka cinye. Wa ya ce a haife ta a watan guguwa?"

Muna ta dariya. Yankan ƙarshe dai ta naɗe a hankici, ta tura can ƙasan jaka.