Malafar Baturen Tumaki

Har yau in ruwan farko ya sauka, warin jiƙaƙƙen gashin tunkiya kan mai da ni ɗakin kakanmu a Baure. Can malafar take rataye a ƙusa, ta gashin tunkiya, mai kauri, ɓari ɗaya a naɗe sama.

Ba tasa ba ce. A yaƙin duniya na biyu an kai Kaka Masar yana haƙa wa soja ramuka. Rannan rana ta buge shi ya faɗi, sai wani sojan ƙasa ɗan Ostareliya ya ja shi inuwa, ya ba shi ruwa, ya kifa masa malafarsa. Ba mai jin harshen wani, amma da hannu da kukan tunkiya suka gane dukansu makiyaya ne. Baturen ya kwatanta garken ubansa, da uwarsa mai jira. Bai daɗe da komawa fagen daga ba aka dawo da gawarsa. Kaka ne ya haƙa kabarin.

Duk kaka, in an kai gero rumbu, sai ya sa a dama gumba a raba sadaka saboda wannan bawan Allah. Masu gunaguni suka yi ta yi, bai kula ba. Abu ɗaya ya roƙi 'ya'yansa: "Ko bayan raina, kada ku wulaƙanta ta. Mai ita ba shi da kowa a nan sai mu."

Kowa ya ce to, muryar Baffa, ƙanen mahaifina, ta fi ta kowa ƙarfi.

Bara, bayan rasuwar Kaka, na je gida gero na ƙosawa, na bi Baffa gona. Daga nesa na hango mutum-mutumi da tsumman riga. Da na matso sai na gane abin da ke kansa. Malafar ce a kan sanda, kashin tsuntsaye ya yi mata fari fat, gara ta ci bakinta.

"Baffa, wannan fa amanar Kaka ce!"

Ya yi dariya yana sakace haƙori. "Kai yaro, tsumma ne fa. Gara ma nan, tana aiki."

Wallahi ƙyamarsa na ji, ban ɓoye ba. Na cire ta, na kakkaɓe da rigata. Da nake tafiya ya ɗaga murya, ba kunya, wai in bar masa hulata a madadi.

Na bar masa. Yanzu gumbar a gidana ake damawa.